Kwalbar Baba ta yi baƙi a ciki, ta ƙone kenan?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina cikin kwashe kayan shagon marigayi babanmu, mai gyaran rediyo ne, sai na ci karo da wata kwalba kamar ƙwan fitila amma ta fi shi tsawo, an rubuta 807 a jiki, ƙafafu 5 a ƙasa da wata 'yar hular ƙarfe a ka. Abokin Baba ya ce ta rediyon sojoji ce. Wani gefen gilashin ya yi baƙi yana sheƙi kamar madubi, ƙonewa ta yi in yar?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Don Allah kar ka yar, wannan sheƙin da ya tsorata ka ai ba ƙonewa ba ce, alama ce mai kyau!

Bawul ne, wato kwalbar da ke ƙara wa sigina ƙarfi a tsofaffin rediyo, kuma abokin Baba bai yi ƙarya ba. Kamfanin RCA na Amurka ne ya fito da 807 dab da yaƙin duniya na biyu, kuma ita ce ke tura magana zuwa eriya a rediyon nan ta tankokin yaƙin Ingila, Wireless Set No. 19, wadda har a Kanada da Amurka an ƙera, wasu ma da rubutun Rashanci a fuska saboda Rasha aka kai su. A lokacin babu taransisto, ɗan abin da ya maye gurbin bawul a rediyo daga baya, sai 1947 aka ƙirƙiro shi.

Ɗaga ta saitin haske ka leƙa. Can tsakiya akwai siririn bututun ƙarfe da waya a ciki, in aka ba wayar bolt 6.3 sai ta yi ja ta gasa bututun ya riƙa fesar da ƙwayoyin lantarki, su kuma su ratsa ta tsakanin wasu wayoyi sirara kamar gashi da aka nannaɗe har layi biyu su faɗa kan farantin da ya kewaye komai, to layin farkon nan shi ne mai gadin ƙofa, 'yar wuta kaɗan a kansa ita ke juya babbar wutar da ke wucewa, da haka sigina mara ƙarfi ke yin ƙarfin da zai keta daji. Farantin yana shan bolt 600, shi ya sa aka fitar da wayarsa ta hular nan ta sama, nesa da ƙafafun. Ni dai har yau in na ga yadda aka jera wayoyin nan ba mai taɓa wata sai in jinjina wa masu aikin.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai babu iska a kwalbar. Bayan an zuƙe iskar an liƙe, sai a gasa ɗan sinadarin bariyom a ciki ya fantsama a gilashin, aikinsa shanye ragowar iska. Shi ne madubin naka. Ranar da ka ga ya koma fari kamar alli, to iska ta shiga, bawul ya mutu.

In kana da mitar Baba auna tsakanin ƙafa ta 1 da ta 5, in ta nuna waya ba ta tsinke ba to da sauran fata. Amma kar ka kuskura ka jona tsohuwar rediyon irin wannan kai kaɗai, kondensa, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinta, tana riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma wallahi tana kisa. Kar ka ɗaga ta ta hular, gam ɗin ya tsufa, kuma kar ka goge da ruwa don lambar na iya fita. Naɗe ta a tsumma ka sa a kwali.