Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Karɓar Bayanai Ba Tare da Kwafi Ba Ya Fi Aika Su Wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, kuma an koya mana cewa duk bayanin da ya shigo kwamfuta ta hanyar sadarwa sai kanel, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'ura, ya kwafe shi daga ma'adanarsa zuwa ma'adanar manhajar da ta nema. Na kuma ji cewa a Linux, ɗaya daga cikin manhajojin da ke sarrafa na'ura, akwai hanyar karɓar bayanai ba tare da wannan kwafi ba. Ina roƙon a yi mini bayanin yadda hakan yake yiwuwa, da dalilin da ya sa ba a mayar da ita hanyar da kowa ke bi ba. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka koya maka daidai ne. Idan fakitin bayani ya iso, katin sadarwa ne da kansa yake rubuta shi a cikin RAM, a wani wuri da kanel ya tanada tun da farko, ba tare da furosesa ya sa hannu ba. Daga nan kanel zai karanta kan fakitin, inda adireshi da lambar jeri suke, ya gane soket ɗin da yake da shi, wato ƙofar da manhaja take aikawa da karɓar bayani ta cikinta, ya jera fakitoci bi da bi kamar yadda TCP, ƙa'idar isar da bayani a jere ta intanet, ta tanada, sannan ya jira manhaja ta nema. Sa'ad da ta nema ne furosesa yake ɗaukar bayanin, ya karanta shi daga ma'adanar kanel, ya sake rubuta shi a ma'adanar manhajar. Ba don sakaci aka tsara haka ba. Katanga ce da ke hana wata manhaja leƙa abin da ba nata ba.

A kwamfutar gida wannan kwafi ba ya damun kowa. Amma katin da ke ɗaukar gigabit 100 a daƙiƙa ɗaya yana zuba gigabayit 12.5 ne a kowace daƙiƙa, kuma kowane bayit sai an karanta shi an sake rubuta shi. A irin wannan gudu, wani kaso mai yawa na ƙarfin furosesa yana ƙarewa ne a dako kawai, alhali an saye shi ne don lissafi.

Ɓangaren aikawa an daɗe da samun mafita a kansa. Tun a Linux 2.2, a shekarar 1999, akwai kiran sendfile da ke tura fayil kai tsaye zuwa soket, sannan a 2017, a Linux 4.14, Willem de Bruijn na kamfanin Google ya kawo MSG_ZEROCOPY, hanyar da manhaja take aika bayanin da ke ma'adanarta ba tare da kwafi ba. Dalilin sauƙin a fili yake: mai aikawa ya san kayansa, ya san inda suke ajiye, sai dai ya nuna wa katin sadarwa ya ce ɗauka daga nan. Mai karɓa kuwa bai san na wane ne fakiti ba sai ya karanta kansa, kuma ba zai iya karanta kan ba sai fakitin ya riga ya sauka a wani wuri. Ka kwatanta da tirelar hatsi da ta iso kasuwa da buhunan 'yan kasuwa goma a haɗe. 'Yan dako za su sauke su duka a rumfa ɗaya, a duba sunan da ke jikin kowane buhu, sannan a sake ɗauka a kai wa kowa shagonsa. Duk wahalar da masana suka sha a wannan fanni ita ce yadda za a kauce wa dako na biyun.

Akwai kuma wani cikas da ɗalibai suke yawan mantawa da shi. Kanel ba ya ba manhaja izinin ganin ma'adana bayit-bayit, sai dai shafi-shafi, kuma shafi ɗaya a yawancin kwamfutoci masu furosesan Intel da AMD bayit 4,096 ne. Fakitin Ethernet na yau da kullum kuwa ba ya wuce bayit 1,500, har da kan IP da na TCP a ciki. Saboda haka shafi ɗaya yana iya ƙunsar fakitin wannan manhaja da na waccan, ga kuma kawunan fakitoci a tsakani. Idan aka miƙa shafin gaba ɗaya ga manhaja ɗaya, an tona asirin ɗayar.

Hanya ta farko da Linux ya bi a kan TCP ita ce ta Eric Dumazet, shi ma na Google, wadda ta shiga Linux 4.18 a 2018 da sunan TCP_ZEROCOPY_RECEIVE. Manhaja takan keɓe wani fili a cikin adireshinta ta kiran mmap a kan soket, sannan ta nemi kanel ya liƙa shafukan da bayanin ya sauka a cikinsu a wannan fili. Buhu bai motsa ba, takardar mallaka ce aka canza. Sai dai sharaɗin yana da tsauri, domin dole bayanin ya cika shafi cif, ya fara daga farkonsa, ba tare da kan fakiti a ciki ba, wanda ke nufin a ƙara girman fakiti har kayan cikinsa su kai bayit 4,096, kuma katin ya iya ajiye kai daban, kaya daban. Abin da ya rage bai cika shafi ba, kwafe shi ake yi kamar da. Canza jadawalin adireshi, wanda ke nuna shafukan da kowace manhaja ke gani, shi ma ba kyauta ba ne, domin duk lokacin da aka cire wani shafi sai an share ɗan kundin da furosesa yake tuna adireshi da shi, kuma wannan yana cin lokaci.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi kama tushen matsalar, ta juya lamarin ne: manhaja ce take ba da ma'adanarta tun kafin fakiti ya iso. Katunan sadarwa na zamani suna da layukan karɓa masu yawa, kuma ana iya umartar kati ya tura duk fakitocin wata haɗaka, wato sadarwar da ke tsakanin wasu manhajoji biyu, zuwa layi ɗaya da aka keɓe. Idan aka haɗa wannan da raba kai da kaya, sai kan fakiti ya tafi wajen kanel, ya ci gaba da aikinsa na TCP yadda ya saba, kayan kuma su sauka kai tsaye a ma'adanar mai su. Manhaja takan sami sanarwar inda bayanin yake, in ta gama da wurin ta mayar da shi domin a sake cika shi. A kan wannan tsari ne aikin Mina Almasry na Google ya shiga Linux 6.12 a 2024, inda bayani yake sauka a ma'adanar wata na'ura kamar GPU, wato katin sarrafa hotuna da manyan lissafi, sannan a 2025 aikin Pavel Begunkov da David Wei ya shiga Linux 6.15, wanda ya kawo wannan dama cikin io_uring, wata hanya da manhaja take miƙa wa kanel ayyukan karatu da rubutu. Akwai masu tsallake kanel ɗin ma baki ɗaya ta amfani da DPDK ko AF_XDP, hanyoyin da ke kai fakiti daga kati zuwa manhaja kai tsaye, amma wanda ya bi nan ya bar TCP ɗin kanel a baya, sai ya nemo nasa.

Game da dalilin da ya sa ba kowa ke bi ba, ka ga sharuɗɗan da kanka: kati na musamman, layin da aka keɓe, da manhajar da aka sake rubutawa. Ga ƙananan saƙonni kuma kwafi ya fi araha, har takardun bayanin Linux ɗin kansu sun ce MSG_ZEROCOPY ba ya cika amfani sai abin da ake aikawa ya haura kimanin kilobayit 10. Haka nan idan manhaja za ta karanta kowane bayit, misali don warware bayanin da aka ɓoye da TLS, ƙa'idar sirranta saƙo a intanet, ribar takan ragu, tunda dole furosesa ya bi ta kan bayanin ko ta yaya.

Tambaya: Malam, ina kula da kwamfutocin wata makaranta, kuma intanet ɗinmu yana jan ƙafa. Shin kunna wannan tsari zai ƙara mana gudu?

Amsa: A'a, Malam, ba zai ƙara ba, kuma ba na so ka ɓata lokacinka a kai. Layin da ke kawo megabit 50 ko 100 a daƙiƙa bai kai ya gajiyar da furosesa da kwafi ba. Matsalarka tana wajen ƙarfin layin da kuka saya, ko na'urar da ke raba shi, ko yawan masu amfani. Wannan fasaha ta manyan cibiyoyin adana bayanai ce, inda sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, suke musayar bayanai da junansu a gigabit 100 ko 200. Idan wata rana ka riƙe irin wannan saba, ka fara aunawa da perf, manhajar auna aikin furosesa, ka ga ko kwafi ne yake cinye lokacin furosesa, sannan ka duba da umarnin ethtool -g ko katinka yana iya raba kan fakiti da kayan cikinsa.