Ku Tambayi Tanti: gaton Nowel ba fur ba sikeli, da kwanon da ke tsallake katanga

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da ɗari. Hunturu dai ya sauka Damagaram da ƙarfinsa, da safe in ka leƙa ko duwatsun Birni baka gani sosai don ƙura, leɓe na tsagewa, yara na ta majina. An gama shagalin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, yau saura ƴan kwanaki ranar 25 ga wata ta zo, shi yasa saƙonnin da suka shigo mini wannan satin kusan duk na gato ne, wato kek, da cincin. Ƴan'uwanmu Kirista ina muku barka da Nowel, wato Kirsimeti, tun yanzu, Allah ya kai mu lafiya.

Tambaya: Tanti barka da aiki. Ni matar aure ce a Sabon Gari, yarana huɗu. Bara na sayi gaton Nowel wajen masu yi, wallahi kuɗin sai da ya ci rabin cefanen ranar. Bana ina so in yi da hannuna amma bani da fur, wato na'urar gashi, bani da sikeli, gaz ɗin ma ƙaramar butali ce mai kilo 6 kuma ta kusa ƙarewa. Akwai dabara? Maman ƴan biyu.

Amsa: Maman ƴan biyu, akwai dabara mana, ki bar gaz ɗinki don miyar ranar. Ni da kike gani na fi shekara goma ina gasa gato kafin in mallaki fur, kuma wadda ta koya mini wata maƙwabciyarmu ce a Zongo, mutuniyar Benin, Kirista, duk unguwa Mama muke ce mata. Tukunyar dalma gareta babba wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin, ta zuba rairayi mai tsabta a ciki kamar tsawon yatsa biyu a kwance, ta ɗora kan gawayi ta rufe. Har yau ina ganin yadda take buɗe murfin ta sa tafin hannunta saman rairayin tana ƙirga a hankali, in ta kai biyar shida ta janye hannu da sauri to ya yi, in ta wuce goma bata ji komai ba sai ta ƙara fifita.

Ga awon, kuma da kofi ɗaya za ki auna komai, ƙaramin kofi irin robar yawur. Kindirmo ko yawur kofi 1, sukari kofi 2, fulawa kofi 3, mai rabin kofi, ƙwai 3, lebir na gato, wato garin da ke sa shi ya tashi, takarda 1, sai vanil in kina da shi da ɗan gishiri a bakin yatsa. Lebir ɗin nan ki kula don nan mata da yawa ke faɗuwa, iri biyu ne a kanti. Akwai na gato, farin gari ne a ƴar takarda mai gram 11, shi da ya ji ruwa da zafi yake aiki, baya son jira. Akwai na burodi wanda ƴan Najeriya ke cewa yis, ƙwayoyi-ƙwayoyi ne, shi abu ne mai rai sai an bashi lokaci ya tashi. In kika zuba na burodi a gato zai fito da tsami da nauyi.

Ƙwai kuma kar ki fasa kai tsaye cikin haɗin, ki tsoma shi a ruwa tukuna, wanda ya nutse lafiya lau, wanda ya taso sama ki yar. Ki buga ƙwai da sukari sosai har ya yi haske, ki zuba kindirmo da mai, sannan fulawar da kika tankaɗe tare da lebir. Daga fulawa ta shiga to ki sassauta hannu, juyawa kaɗan har ta ɓace ki tsaya, ba tuwo kike tuƙawa ba, yawan juyi shi ke sa gato ya yi tauri kamar roba.

Ki shafe kwanon silba da mai ki barbaɗa fulawa, haɗin kar ya wuce rabin kwano da kaɗan. Ki jera duwatsu uku ƙanana ko gwangwanin tumatir kan rairayin ki ɗora kwanon a kai don kar gindi ya ƙone, ki rufe, ki ɗebi garwashi ki zuba kan murfin. Wutar ƙasa kaɗan, ta sama ta ɗan fi ta. Sai abu mafi wuya, haƙuri. Minti 25 na farko kar ki buɗe ko yara na kuka suna son gani, iskar sanyin nan in ta shiga gato zai faɗa a tsakiya kuma baya sake tashi. Wajen minti 40 ki soka tsinke mai tsabta, in ya fito a bushe an gama. Masu fur kuma digiri 180 za ku sa. Ki yi na gwaji ƙarami kwana biyu kafin ranar don ki san halin tukunyarki, kowace da nata. In ya huce ki rufe shi ruf, iskar hunturu cikin dare ɗaya take busar da gato.

Tambaya: Tanti cincin ɗina kullum sai ya yi tauri har surukata ta ce zai cire mata haƙori, kuma man sai ya dinga kumfa yana zubowa. Fanke ma tunda sanyi ya shigo ya ƙi tashi. Amarya daga Garin Malam.

Amsa: Amarya, tauri daga ƙarancin bota ne da yawan murza. A kilo 1 na fulawa ki sa bota kamar gram 200, sukari 250, ƙwai 2, madara, gyaɗar ƙamshi. Ki fara murtsuke botar cikin busasshiyar fulawa da yatsu har ta koma kamar tsaki kafin ruwa ya taɓa ta, in kin kwaɓa ki rufe ki barshi ya huta minti 20. Kumfa kuwa yawan ƙwai ne ko yawan lebir, ko garin da kika barbaɗa wajen yankawa ya bi shi cikin mai, ki kakkaɓe a rariya kafin ki zuba, kuma kar ki cika kasko. Ki jefa ƙwara ɗaya ki gani, in ta taso nan da nan tana tsuwwa man ya yi, in ta kwanta a ƙasa zai sha mai. Ki kwashe tun yana ruwan zuma don yana ƙara duhu bayan an tsame. Fanke kuma laifin ɗari ne, yis baya son sanyi. Ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi wanda yatsanki zai jure, ba mai zafi ba don zafi kashe shi yake, ki rufe ki lulluɓe da bargo ki ajiye a rana ko kusa da murhu.

Tambaya: Tanti ni Musulma ce, gidan da ke jikin namu Kirista ne, mutanen kirki. Duk Nowel sai sun aiko mana da shinkafa da kaza da gato. Ƙanwar mijina ta ce kar in ba yara don ana sa giya a gatonsu, har ta ce in zubar. Raina bai kwanta ba, don da Sallah mu ma muna kai musu nama suna karɓa hannu biyu. Ya zan yi? Wata uwa daga Karkada.

Amsa: Ƴar'uwa, wannan saƙon naki na karanta shi ya fi sau uku. Maganar giya ba ƙarya bace gaba ɗaya, akwai wani gato na Turawan Ingila mai busassun ƴaƴan itace da ake jiƙa su a giya tun makonni kafin Kirsimeti, Faransawa ma wasu na ɗiga giyar rom don ƙamshi. Amma wannan ba shi ne gaton da maƙwabciyarki ke gasawa a tukunya ba, kuma Kiristocin da suka zauna cikinmu sun san abin da muke ci da wanda bama ci, da yawansu ma ko su basa shan giya. Mama da na faɗa muku, ranar 24 da la'asar mahaifinmu take aiko wa ya je ya yanka mata kaji, don kawai kowa a layin ya ci hankali kwance. Ki shiga ki gaisheta ki tambayeta da fara'a, maman wane me da me kike sawa a gaton nan mai daɗi, zata faɗa miki, ƙila ma ki fito da sabon awo.

Ɓangaren addini, Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, amma kan abincin da aka yi don ranar idinsu malamai sun yi saɓani, wasu sun ce a ci in ba haram a ciki, wasu sun ƙi. Ku zauna da maigida ku tambayi malamin da kuka yarda da iliminsa. Ni a gidana ana karɓa ana ci. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shi ne zubarwa, ko a maido da kwano yadda ya zo a hannun yaro yana kallo. Mu da muka ga Juma'ar 16 ga Janairu 2015 a garin nan, ranar da aka ƙona coci-coci, mun san yadda fuskar maƙwabci take in tsoro ya kama shi a unguwar da aka haife shi. Bayan wannan shekarar duk wanda ya sake ɗaukar kwano ya ƙwanƙwasa ƙofarki ba ƙaramin abu ya yi ba, ni har ga Allah haka nake gani. Kuma kin san al'adarmu, kwano baya komawa wayam, ki zuba dabino ko alkaki ko soyayyar gyaɗa ki ba yaro ya mayar.

Ku kuma ƴan'uwa Kirista masu son gato mai ƴaƴan itace da za a raba wa unguwa, ku yayyanka dabino da zabibi ku jiƙa a baƙin shayi mai ƙarfi ko ruwan lemu kwana ɗaya, ku tsane ku barbaɗe su da fulawa kafin ku zuba don kar su nutse ƙasa. Na gwada da dabinon Bilma, busasshe ne amma in ya sha shayi ya yi laushi zaƙinsa har sai kin rage sukari.

Tambaya: Tanti mene ne bush ɗin Nowel? Na gani a Facebook kamar guntun icce, ina so in yi wa mamana. Ɗaliba daga Mirya.

Amsa: Ƴata, Allah ya miki albarka. Icce ɗin ne kuwa, a Faransa da can daren Nowel babban gungume suke sawa a murhun ɗaki ya yi ta ci, daga baya a ƙarni na 19 masu gato suka mayar da shi abin ci. Ƙwai 4, sukari gram 120, fulawa gram 120, ki buga ƙwan da sukari har ya ninka ya yi fari, wannan bugun shi ne duka aikin. Ki shimfiɗa a faranti mai faɗi, sirara, minti 10 zuwa 12 kawai. Yana fitowa da zafinsa ki kifa shi kan tsumma mai tsabta mai ɗan danshi ki naɗe kamar tabarma, in kika bari ya huce zai kakkarye. Daga baya ki warware ki shafa shokola, ko markaɗaɗɗen dabino da tigadege, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki sake naɗewa ki shafe bayan ki ja layi da cokali mai yatsu. Kirim na madara ki barshi in ba kina da firigo da tabbacin wutar lantarki ba.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Ni mushe ne, malamin makaranta, kuma kin san 25 ga wata aljihu ya riga ya bushe. Yarana uku, ba na so ranar ta wuce musu kamar kowace rana. Me talaka zai yi? Baban yara, Zinder.

Amsa: Mushe, lafiya lau, Allah ya buɗa. Kaza ɗaya ko zabo, shinkafa, zoɓo mai citta a bokiti, sun isa. Ka je Kasuwar Dole tun yanzu kar ka bari sai 24 lokacin da masu kaji suka san kowa a matse yake, ranar Alhamis mutanen ƙauye na shigowa da su. Fulawa rabin kilo zata yi cincin mai yawa, kuma ka ce wa madam ta bar yaran su yanka da kansu, ta murza musu da kwalba su huda da murfin butali, ko ya karkace ba komai, kai ma ka zauna kan tabarmar a yi da kai. Ɗiyan Mama reshen dogon yaro suke sarowa su kafa a gwangwanin madara cike da rairayi, su manna auduga da takardun alewa masu ƙyalli, in sun dawo daga addu'ar dare a kunna fitila kusa da shi a hura gawayi a tsakar gida kowa da bargonsa suna waƙoƙinsu, mu muna leƙe ta katanga har a kira mu a miƙo mana cincin mai zafi a takarda.

Hajiyar da ta tambayi alkaki daga Birni ki yi haƙuri sai fitowa ta gaba, shi tsaminsa kaɗai sai ya ci shafi guda, amma ki fara neman alkama mai kyau ki ɓarza ki ajiye.