Amsa: Jemagu a rufin gidan da za a gyara a Ingila

Malam, kan tambayarka ko za ka iya korar jemagun da magina suka tarar a rufin gidanka a ci gaba da aiki: a'a, a dakatar da aikin rufin nan tukuna. A Ingila duk nau'in jemage yana ƙarƙashin kariyar dokar kare namun daji ta 1981 da ƙa'idojin kare halittu da mazauninsu na 2017. Inda mutane ke faɗawa tarko shi ne, makwancin nasu ma doka ta kare shi, ko da ranar babu jemage ko ɗaya a ciki. Hukuncin kan kai ɗaurin wata shida ko tarar da ba ta da iyaka. A 2020 an ci wani kamfanin gine-gine tarar fam 600,000 kan lalata makwancin jemagu a Landan.

In kashi kawai aka gani, ka fara tabbatarwa ba na ɓera ba ne. Kashin jemage in ka murza shi sai ya zama gari, don ƙwari suke ci. Na ɓera kuwa tauri gare shi.

Mafita ita ce lasisi daga Natural England, hukumar gwamnati mai kula da kare namun daji da muhallinsu a Ingila. Ƙwararre zai zo da magariba ya ƙirga masu fitowa, kuma daga Mayu zuwa Satumba ake wannan binciken, in lokacin ya wuce sai a jira wata shekara, shi ya sa jinkiri ke da tsada. Hukumar za ta duba ko aikin ya zama dole, ko akwai wata hanyar, da kuma ko yawan jemagun zai ragu. Galibi sai a ce ka kauce wa lokacin haihuwarsu, ka kafa musu akwatunan kwana. Izinin gini na ƙaramar hukuma, ka sani, ba ya maye gurbin wannan lasisin.