Amsa Kan Gyambon Dunduniyar Zomo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure. Wannan amsa ce ga ƙanwarmu da ta turo hotunan ƙafafun zomonta na baya jiya da daddare, inda ta ce gashin dunduniyarsa ya zube a ƙafafun biyu, fatar wurin ta yi ja, a ƙafar hagu kuma har ciwo ya fito ya yi ɓawo. Ta ce zomon yana kwana a keji mai ragar waya a ƙasa, da rana kuma ana sakinsa a kan siminti. Tambayarta ita ce ko ta shafa masa man ciwon da take da shi a gida, ta kuma haɗa masa da amoksisilin kamar yadda wani ya ba ta shawara.

Ƙanwata, zan fara da batun amoksisilin domin shi ne mai gaggawa. Don Allah kada ki ba shi, ko da kaɗan ne. Hanjin zomo ya dogara ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani waɗanda suke narka masa ciyawa, kuma akwai magungunan da idan aka ba shi ta baki suke kashe waɗannan masu amfanin, su bar masu guba su yi yawa, sai zomon ya kamu da zawo mai tsanani wanda sau da yawa yake zama ajalinsa cikin 'yan kwanaki. Amoksisilin yana cikinsu, haka ma ampisilin, da penisilin na sha, da kilindamaisin, da linkomaisin, da eritiromaisin. Akwai waɗanda jikin zomo yake ɗauka, irin su enrofuloksasin, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa bayan ya ga ciwon ya kuma auna nauyin zomon. Man shafawar ma a ajiye shi tukuna har a san abin da ke cikinsa, domin zomo yana lashe duk abin da aka shafa masa, kuma da yawan mayukan ƙaiƙayi da ƙuraje na mutane suna ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda yake raunana garkuwar jikin zomo ya kuma jinkirta warkewar miki.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya jawo ciwon, domin a nan ne gyaran yake. Idan kika juya ƙafar kyanwa ko ta kare, za ki ga tsoka mai kauri da laushi wadda suke takawa a kanta. Zomo ba shi da wannan tsoka. Abin da ke tsakanin ƙashin ƙafarsa da ƙasa shi ne fata siririya da kuma gashi mai kauri da ya lulluɓe tafin ƙafar tun daga yatsu har dunduniya. Lokacin da yake gudu a kan yatsunsa yake takawa, amma idan ya zauna, dukkan tsawon ƙafar ne yake kwanciya a ƙasa. A daji, inda ƙasa take da laushi, faratansa suna nutsewa cikin ƙasa, sai nauyinsa ya rarrabu daidai a tafin ƙafar. A kan siminti ko tayil kuwa faratan ba su da inda za su shiga, saboda haka sukan ɗaga gaban ƙafar sama, nauyin ya koma kan dunduniya, daidai inda ƙashi ya fi kusa da fata. Ragar waya kuma ta fi muni, domin nauyin zomon duka yana sauka ne a kan 'yan siraran layukan ƙarfe, dare da rana. Matsin nan shi yake hana jini gudana sosai a fatar wurin, gogayya ta cinye gashin, fatar ta mutu a hankali har ta tsage. Idan aka ƙara da fitsari da ya jiƙa shimfiɗa, fatar takan yi laushi ta saluɓe da wuri, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Wadda aka fi samu a irin wannan ciwo ita ce Staphylococcus aureus.

Saboda haka ne nake yawan faɗa a wannan zaure cewa wanda ya sayi magani mafi kyau ya mayar da zomonsa kan wayar da ta ji masa ciwo, bai yi komai ba. Mikin zai ɗan kame, bayan 'yan makonni ya sake buɗewa, mai shi ya yi ta zargin maganin.

Ba kowane zomo ne yake kamuwa da sauri ɗaya ba. Jinsin Reks, waɗanda asalinsu daga Faransa ne, gashinsu gajere ne mai laushi, kuma na tafin ƙafarsu ba shi da kaurin da zai kare su, don haka su ne kan gaba. Manyan jinsi irin su Filemish na ƙasar Beljiyam, waɗanda nauyinsu kan wuce kilo 6, su ma suna cikin haɗari saboda nauyi. Haka kuma zomon da ya yi ƙiba, da tsohon da ciwon gaɓoɓi ya hana shi motsi, da wanda aka kulle a wuri mai ƙunci ba ya samun inda zai yi tsalle. Daga hoton da kika turo, ƙanwata, na lura faratan zomon naki sun yi tsawo har sun fara lanƙwashewa gefe, kuma ina kyautata zaton suna da babban kaso a cikin wannan matsala.

Ga sauran 'yan uwa da za su je su duba nasu bayan sun saurari wannan, akwai abin da bai kamata ya tayar muku da hankali ba. Idan kuka buɗa gashin dunduniyar babban zomo da yatsa, sau da yawa za ku tarar da wani ɗan ƙaramin wuri maras gashi, busasshe, mai launin fata na yau da kullum, wanda gashin gefe ya kwanta ya rufe shi. Wannan kanta ce kawai, wato fatar da ta yi tauri saboda gogayya, sai dai a riƙa sa mata ido. Abin damuwa shi ne idan wurin ya faɗaɗa har gashi ba ya rufe shi, ko ya yi ja yana sheƙi, ko ya kumbura ya yi zafi. Mataki na gaba shi ne tsagewar fata da zubar jini da ɓawo, sannan mugunya ta taru a ƙarƙashi. Idan aka yi sakaci ya wuce nan, cutar takan ci har cikin ƙashi, kuma jijiyar da ta zagaya ta bayan dunduniya tana iya gocewa daga mazauninta, abin da ke sa zomon ya riƙa tafiya a kan dunduniyar har abada. A wannan mataki warkewa tana da wuya ƙwarai. Wahalar ita ce zomo dabba ce mai ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa. Alamun da yake bayarwa ƙanana ne: ya riƙa sauya ƙafa yana zaune, ya karkatar da jikinsa gaba don ya rage wa ƙafafun baya nauyi, ya daina fitowa wasa, ko a ga ɗigon jini a shimfiɗa.

Ƙafar dama ta zomonki tana matakin farko, kuma irinta takan gyaru da sauyin wurin kwana kaɗai. Ta hagu kuwa, tunda fata ta riga ta tsage, tana buƙatar likitan dabbobi ya gan ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ki ɓamɓare ɓawon don ki ga abin da ke ƙasa, kada kuma ki matsa wurin. Mugunyar zomo tana da kauri kamar man goge baki, ba ta tsiyayewa da kanta yadda ta wasu dabbobi take yi, saboda haka matsawa ba ta fitar da ita, sai dai ta tura ta ciki. Likita zai duba zurfin mikin, idan yana shakkar ƙashi ya ɗauki hotonsa, idan akwai mugunya yana iya aika ta ɗakin gwaji don a san maganin da zai kashe ƙwayar. Ki tabbata kin tambaye shi maganin rage zafi, wanda galibi meloksikam ake bayarwa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato, domin zomon da yake jin zafi ba ya motsi, rashin motsin kuma yana ƙara danne dunduniyar, sannan yana iya daina cin abinci. Zomon da ya kai awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba yana cikin haɗarin tsayawar hanji, kuma wannan ba ya jiran gobe.

Kafin ki samu ganin likita, abin da za ki yi yau shi ne ki raba shi da wayar. Idan ba ki da wani wuri, ki shimfiɗa katako mai santsi a ƙasan kejin, ki zuba busasshiyar ciyawa mai laushi a kai, da kauri sosai, yadda idan kika danna tafin hannunki ba za ki ji taurin katakon ba. Ciyawar tana ba farata wurin nutsewa, tana kuma barin fitsari ya sauka ƙasa saman ya kasance a bushe. Bargo mai laushi da aka ninka a kan tawul shi ma yana aiki, muddin zomon ba mai cin tsumma ba ne. Kafet mai kaushi bai dace ba, domin yana cin gashin ƙafa idan zomo yana gudu yana birki a kansa. Lungun da yake fitsari a sauya masa shimfiɗa kullum. Wurin da ake sakinsa da rana ma a shimfiɗa masa wani abu, ko a ba shi fili mai ciyawa ko ƙasa mai laushi da tsafta.

Wajen wanke ciwon, ki tafasa rabin lita na ruwa, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ki bari ya huce. Ki jiƙa auduga ko gozi ki riƙa ɗiga wa wurin a hankali ba tare da gogawa ba, sannan ki tsane shi sarai, har da gashin da ke kewaye. Kada ki sa sifirit ko aidin mai ƙarfi da ba a sirka ba, domin suna ƙona sabuwar fatar da take ƙoƙarin fitowa. Kada kuma ki aske gashin tafin ƙafar da niyyar wurin ya sha iska, tunda wannan gashin shi kaɗai ne kariyar da ta rage masa. Lokacin da kike wannan aiki ki zauna a ƙasa, ki naɗe zomon da tawul, wani ya tallafe masa ƙirji da ƙugu. Ba a ɗaga zomo ta kunne, kuma idan ya yi harbi da ƙafafunsa yana rataye a sama yana iya karya ƙashin bayansa.

Batun bandeji yana buƙatar kulawa. Yana taimakawa idan an iya ɗaura shi, yana cutarwa idan ba a iya ba, shi ya sa na fi so likita ya ɗaura na farko kina kallo. Ana sa abu mai laushi a ƙarƙashin dunduniyar, wasu ma sukan tara gashin da zomon ya zubar da kansa su dunƙule shi su yi matashi da shi, sannan a naɗe ba tare da an tamke ba, a bar yatsu a waje kuma a bar gaɓar ta iya lanƙwashewa. Bayan 'yan awoyi ki taɓa yatsun. Idan sun kumbura ko sun yi sanyi, bandejin ya matse, a kwance shi nan take. Wanda ya jiƙe da fitsari ko ruwa a cire shi a lokacin, kada a jira ranar sauyawa. Ki kuma kula da ƙudaje, musamman lokacin zafi, domin suna yin ƙwai a kan miki da gashin da ya ɓaci, kuma tsutsotsi kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya.

Faratan kuwa a yanke su. Zomo yana da farata 18, biyar a kowace ƙafar gaba, huɗu a kowace ta baya, kuma ya kamata a riƙa duba su duk bayan mako 4 zuwa 6. A cikin kowane farce akwai jijiyar jini da ake gani jaja-jaja idan farcen fari ne. Idan baƙi ne sai a haska tocila ta bayansa. Ana yankewa ne a ɗan gaban inda jijiyar ta tsaya. Tunda na zomonki sun daɗe ba a taɓa su ba, jijiyar ma ta biyo su ta yi tsawo, don haka ki riƙa rage kaɗan-kaɗan a kai a kai maimakon ki datse da yawa lokaci guda.

Ki kuma shafa haƙarƙarinsa. Idan sai kin danna kafin ki ji ƙasusuwan, yana da ƙiba, sai a rage masa abincin buhu da kayan zaƙi a hankali, ciyawa ta zama kusan kashi 80 cikin 100 na abin da yake ci. Ba a rage wa zomo nauyi da yunwa. Ki sa ran jinyar za ta ɗauki makonni, mai zurfi kuma watanni, kuma wani lokaci gashin ba ya dawowa a inda tabo ya fito, wanda hakan yake nufin zomon zai ci gaba da buƙatar shimfiɗa mai laushi ko bayan ya warke. Ki riƙa ɗaukar hoton ƙafafun biyu duk mako a wuri mai haske, domin ido yana mantawa, kuma hotunan za su nuna wa likita ko mikin yana tsukewa ko yana faɗaɗa. Idan kun dawo daga wurinsa, ki turo mana sunayen magungunan da ya rubuta tare da nauyin zomon. Allah Ya ba shi lafiya. Wassalamu alaikum.