Warin da ke yaji a ɗakin shanun turka

Malam, ka ce bijimanka na tari, ɗakin kuma na sa ido hawaye. Amoniya ce, iskar da ke tashi idan fitsari ya gauraya da kashin shanu. Ka kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kullum, ka zuba busasshen buntun shinkafa, a Kura ba ya wahalar samu. Sannan ka huda tagogi a saman bango, biyu suna kallon juna.

Da hunturu ma kada ka toshe su da buhu, a nan mutanenmu ke cutar dabba. Da asuba ka tsuguna daidai hancin bijimi in yana kwance. In idonka ya yi yaji, da saura. Ka rage ƙuli-ƙuli in ya yi yawa, yana ƙara wa fitsari ƙarfi.