Wasana yana jiran Enter, kibiyoyi kuma suna fitowa kamar ^[[A: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon yaren C a kan Linux, kuma na fara rubuta ɗan wasan macijin nan a tagar umarni. Da gangan na ƙi amfani da ncurses, wato laburaren da ke sauƙaƙa zane a tagar umarni, don ina son in san abin da ke gudana a ƙasa. Abu uku sun tsaya mini. Idan na kira getchar, wasan ba ya motsi sai na danna Enter. Idan na danna kibiya, sai in ga ^[[A a fuskar kwamfuta. Sannan da na gwada wata dabara da na gani, bayan na fita da Ctrl+C sai tagar ta daina nuna abin da nake rubutawa. Ta yaya kuma zan sa launi, in kai manuni inda nake so?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya, kuma hanyar da ka zaɓa mai kyau ce. Matsalolinka uku tushensu ɗaya: manhajarka ba ta taɓa kibod, ba ta kuma taɓa fuskar kwamfuta. Abin da ke hannunta waya ce mai baki biyu, lambobi na shigowa ta nan, suna fita ta can. Haka abin yake tun zamanin da taminal na'ura ce mai zaman kanta a kan tebur, irin VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, ana haɗa ta da babbar kwamfuta ta waya. Tagar da kake buɗewa a yau kwaikwayon waccan na'urar take yi.

A tsakiyar wayar akwai mai tsaron ƙofa a cikin kanel, wato zuciyar Linux. Shi yake tara abin da ka danna, ya ba ka damar gogewa idan ka yi kuskure, ya riƙe layin har sai ka danna Enter kafin ya miƙa wa manhaja. Shi ne kuma yake maimaita maka haruffan a fuska, ba kibod ba. To ka ga getchar ba ta da laifi, ba a ba ta komai ba ne. Sai ka roƙi mai tsaron ƙofar ya janye hannunsa, ta hanyar termios, wato tsarin canza saitin taminal:

    struct termios asali, sabo;
    tcgetattr(0, &asali);
    sabo = asali;
    sabo.c_lflag &= ~(ICANON | ECHO);
    sabo.c_cc[VMIN] = 0;
    sabo.c_cc[VTIME] = 0;
    tcsetattr(0, TCSAFLUSH, &sabo);

Kashe ICANON ya hana jiran Enter, kashe ECHO ya hana maimaitawa. VMIN shi ne mafi ƙarancin bayit, wato lambobin da ke shigowa ɗai-ɗai, da za a jira, VTIME kuma tsawon jira, ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Da yake duka sifili ne, read za ta dawo nan take ko an danna wani abu ko ba a danna ba. Daga nan ka ajiye getchar ka koma read, domin getchar takan ɗauki rashin samun komai a matsayin ƙarshen fayil. Akwai masu sa VTIME ya zama 1 su mai da shi agogon wasan. Kada ka bi su: duk lokacin da aka danna maɓalli read za ta dawo da wuri, maciji ya ƙara gudu. Ka ba wasan agogonsa daban.

Yanzu kibiya. Ka rubuta ɗan zagaye da zai buga lambar duk abin da read ta kawo, ka danna kibiyar sama sau ɗaya. Za ka ga lambobi uku sun faɗo a jere: 27, 91, 65. Na farko shi ne ESC, na biyu [, na uku A. Abin da ka gani a fuska ke nan, domin ^[ ita ce yadda ake zana lamba 27 da ba ta da siffa. Ƙasa tana ƙarewa da B, dama da C, hagu da D. Inda ake shan wahala shi ne maɓallin Esc shi ma 27 yake aikowa, shi kaɗai. Babu wata alama da ta bambanta su sai lokaci. Idan ka ga 27, ka ɗan jira kaɗan da poll, wadda ke duba ko wani abu ya shigo, kamar kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa. In wasu sun biyo baya kibiya ce, in shiru Esc ne. Wasu taminal a wani yanayi sukan aiko O a maimakon [, don haka ka karɓi duka biyun.

Wajen aika zane zuwa fuska ma yaren ɗaya ne, wanda aka tsara a ƙa'idar ECMA-48 tun 1976. Ka aika ESC da [ sannan umarni. A C ana rubuta ESC da \033. Don haka \033[2J yana share fuska, \033[5;20H yana kai manuni layi na 5 gurbi na 20. Lura, layi ne farko, kuma ƙirga daga 1 take farawa, ba daga sifili ba kamar yadda C ta saba maka. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. \033[?25l yana ɓoye manuni, \033[?25h ya dawo da shi. Launi kuwa umarninsa da m yake ƙarewa: 30 zuwa 37 launin rubutu, 40 zuwa 47 launin baya, 31 ja, 32 kore, 0 kuma ya mayar da komai yadda yake. Mai son launuka 256 sai ya rubuta 38;5; da lambar launin. Launin da ka kunna ba ya mutuwa da kansa, yana nan har sai ka aika \033[0m.

Abu biyu da za su rage maka ɓacin rai. printf tana tara rubutu a rumbunta har sai ta ga sabon layi, kai kuma zanenka ba shi da sabon layi, don haka ka kira fflush bayan kowane zane, ko ka tara komai ka aika da write guda. Na biyu, kada ka share fuska duka a kowane motsi, shi ke sa ta ƙyaftawa. Maciji kansa da wutsiyarsa kawai ke canzawa: zana sabon kai, ɗora fili a kan tsohuwar wutsiya, shi ke nan. Girman taga kuma kada ka ɗauka kullum gurbi 80 da layi 24 ne. Ka tambaya da ioctl da TIOCGWINSZ, kuma kanel zai aiko maka sigina, wato ɗan saƙon gaggawa, mai suna SIGWINCH duk sanda aka ja tagar.

Duk wannan a kan Linux da danginsa ne. A Windows 10 waɗannan umarnin zane suna aiki bayan an kunna su da SetConsoleMode, amma babu termios. 

Sai matsalarka ta uku, wadda na fi son ka riƙe. Saitin da ka canza ba na manhajarka ba ne, na taminal ne, aro ka yi. Idan manhajar ta mutu, saitin yana nan yadda ka bar shi, shi ya sa ka dawo ka tarar ECHO a kashe. Dalilin ajiye asali a sama ke nan. Ka rubuta ɗan aiki guda da zai mayar da asali da tcsetattr, ya nuna manuni, ya kashe launi, ka yi masa rajista da atexit, domin a kira shi duk sanda manhajar za ta fita. Amma wannan kaɗai bai isa ba. Ctrl+C lamba 3 yake aikowa, kanel ya mai da ita siginar SIGINT, kuma manhajar da sigina ta kashe ba ta bi ta kan atexit. Don haka ka kama SIGINT da SIGTERM da sigaction. Mafi tsafta, mai kama siginar ya ɗaga wata alama kawai, babban zagayen wasan ya gani ya fita ta ƙofar da aka saba. In dole sai ka yi gyaran a cikinsa, tcsetattr da write ba su da haɗari a nan, printf kuwa tana da shi. Ka ƙara da \033[?1049h a farkon wasa da \033[?1049l a ƙarshe: wasan zai zana a kan fuska ta biyu, mai amfani ya dawo ya tarar da rubutunsa na da ba a taɓa ba.

Duk da haka, yayin da kake gwaji wasan zai faɗi wata rana kafin ya yi gyara, SIGKILL ma ba a iya kama ta. In hakan ta faru kada ka rufe tagar. Rubuta stty sane ko reset ko da ba ka ganin haruffan, ka danna Enter. Idan Enter ta ƙi, danna Ctrl+J, domin shi yake aika lamba 10 kai tsaye.