Kazar tangaran, kabejin tangaran da kuɗin adashinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru: tangaran masu siffa, irin na kaza, agwagwa, kabeji ko kabewa, waɗanda ake zubewa a bakin titi cikin kayan kwantena da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, nan Ghana. Na zaɓi biyar.

"Anti, kakata ta rasu bara. A kabad ɗinta akwai tangaran mai siffar kaza kwance a kan kwando, jikin kazar ne murfin. A gindinsa an rubuta 'Made in England'. Yayyena sun ce in kai kasuwar Kejetia ta Kumasi a yi masa kuɗi a raba. Ina tsoron a cuce mu, ina kuma tsoron in riƙe haƙƙin wani."
Wata 'yar'uwa, Aboabo

Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinta. Ki kwantar da hankalinki, 'yata, wannan tsoron naki alama ce ta tarbiyya. Irin wannan kaza Turawan Ingila suna ajiye ƙwai a cikinta, kuma masana'antun yankin Staffordshire, musamman garin Stoke-on-Trent, sun yi ta bugo ta shekara da shekaru. Don haka ba abu ba ne mai wuyar samu, kada yayyenki su sa ran kuɗin fili. Rubutun gindin ma yana gaya miki wani abu. A 1890 Amurka ta kafa dokar cewa duk kayan da za a shigar mata sai an rubuta ƙasar da ta yi su, daga nan buga "England" ya yawaita. Cikakken "Made in England" kuwa galibi na ƙarni na 20 ne. Ki duba ko akwai sunan masana'anta kusa da shi, domin sunan nan da lafiyar murfin su ne kuɗin.

Kada ki ɗauke ta ki shiga motar haya ta trotro da ita, ƙaramin karo ya isa ya ɓalle tukku ko baki. Ki ɗauki hotonta gaba da baya da gindi, ki nuna wa mutum biyu ko uku masu sayar da tsofaffin kaya, kowa daban. Idan kin ji bakinsu, ki zaunar da yayyenki gaban wani babba, ki biya su rabonsu, ki riƙe kazar kakarki. Zai yi wuya kuɗin ya fi ƙarfinki.

"Na ga a waya ana sayar da kwanon miya mai siffar kabeji dala ɗaruruwa. Wani a unguwar Alabar yana da irinsa guda shida, ya ce na zamanin Turawa ne, sidi 600 kowanne. Zan kwashi adashina wata mai zuwa. In saye duka in sayar wa 'yan waje?"
Wani matashi, Asawase

A'a. Kuma raina ya ɓaci da wannan tambaya, ɗana, domin kai ne na huɗu da ya aiko mini irinta tun bayan Babbar Sallah. Wata nawa ka yi kana zubi, kana hana cikinka, sannan ka ɗauki sidi 3,600 ka miƙa wa mutum saboda hoton da ka gani a waya?

Fara da hoton. Kuɗin da ka gani kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba kuɗin da aka saya ba. Kai da ka tashi a Kumasi ka san tazarar da ke tsakanin farashin da 'yar kasuwa ta fara faɗa da wanda aka yi sallama. A intanet kaya kan yi shekara a rataye da farashinsa, babu wanda ya taya. In ma ka sami mai saye a Landan ko Amurka, wa zai biya kuɗin aikawa? Tangaran na da nauyi, ga saurin fashewa. In ya isa a fashe, kai za ka mayar da kuɗi.

Sai kuma kabejin. Wanda ya yi suna na masana'antar Bordallo Pinheiro ne, a garin Caldas da Rainha na ƙasar Fotugal, wadda aka kafa a 1884. Tambarinta na da hoton kwaɗo. Amma har gobe masana'antar tana aiki, tana bugo kabejin nan sabo fil, ga kuma masu kwaikwayo birjik. Ganin siffar kabeji ba ya nuna tsufa, ganin kwaɗon ma ba ya nuna tsufa. Kuma tsohon abu mai wuyar samu ba ya zuwa shida iri ɗaya, launi ɗaya, babu ko ƙwarzane. Wannan daga kwali ɗaya suka fito.

Kalmar nan "na zamanin Turawa" ita ce ta fi cin kuɗin mutanenmu. Ni ma an taɓa yi mini. Wani mai kaya ya nuna mini agwagwar tangaran, jikinta duk siraran tsage-tsage kamar saƙar gizo, sun yi launin ƙasa-ƙasa, ya rantse mini daga gidan wani Bature aka fito da ita tun kafin samun 'yancin Ghana a 1957. Na biya. Da na isa gida na jiƙa ta a ruwan ɗumi da sabulu, sai ruwan ya rine, ƙanshin ganyen shayi ya tashi. Jiƙa ta aka yi a baƙin shayi don tsagar ta yi duhu. Da na kifa ta, zoben gindin fari tas, da kaushi kamar yau aka fito da shi daga wuta. Abin da ya yi shekara 70 ana jan sa a kan tebur dole gindinsa ya goge, ya yi santsi, ya yi duhun da wanki ba ya fitarwa. Da na fara duba nan, da kuɗina na jakata.

To, ga abin da za ka yi duk lokacin da aka miƙo maka tangaran. Ka kifa shi kafin ka kalli fuskarsa. Ka sa farce a kan tambarin: wanda aka buga kafin a gasa yana ƙarƙashin ƙyallin da aka shafe tangaran da shi, ba ya kankaruwa, wanda aka manna daga baya kuwa za ka ji tudunsa. Ka karanta sunan ƙasar. "West Germany" na tsakanin 1949 da 1990 ne. "Czechoslovakia" ta rabe biyu a farkon 1993, don haka kayan ya girmi wannan shekara. "Occupied Japan" na lokacin da Amurka ke riƙe da Japan ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, riƙon da ya ƙare a 1952. In kuwa ka ga an rubuta ana iya sa shi a maikurowef, an gama magana, domin na'urar ba ta yawaita a gidajen mutane ba sai wajen shekarun 1970. Sannan ka ɗora shi a tafin hannu ka ƙwanƙwasa da yatsa. Lafiyayye yana amsawa da zaƙin murya, mai ɓoyayyar tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ka haska fitilar waya a wuyan murfi da hannaye, nan ake ɓoye gyaran gam da fenti.

Ko da duk wannan ya fito daidai, ba na ba ka shawarar zuba adashinka. Waɗanda ke cin riba a wannan harka sun yi shekaru suna taɓa kaya, sun yi asara, sun san masu saye da sunansu. Kai ba ka da ko ɗaya. In abin yana burge ka, sayi guda, da kuɗin da in ya fashe gobe ba za ka rasa na koko ba. Sauran ka ƙara a jarin da ka sani.

"An ba ni tukunyar tangaran mai siffar kabewa a kayan biki. Zan iya ɗora ta a kurfoti?"
Amarya, Sawaba

Kada ki soma, amarya. Yawancin irin waɗannan na zuba abinci ne a kai gaban baƙi, wasu kuma na oba, wato tanda ta zamani. Wutar gawayi na dukan wuri guda, gindi ya yi zafi sama na da sanyi, sai ki ji ƙas. Allah ya ba da zaman lafiya.

"Na sayi tsohon kwano mai launin ja da ruwan lemo cikin kayan gwanjo, ina zuba wa yarana miyar tumatir a ciki. Maƙwabciyata ta ce akwai guba. Hankalina ya tashi."
Uwar yara uku, Tafo Zongo

Maƙwabciyarki ta yi miki zumunci, ƙanwata. Tsofaffin tangaran da yawa an haɗa ƙyallinsu da dalma, masu launin ja, rawaya da ruwan lemo sun fi zama abin tsoro. Abinci mai tsami, kamar tumatir, tsamiya ko lemon tsami, shi ke jawo dalmar ta shiga cikinsa, balle in ƙyallin ya tsattsage ko abincin ya kwana a ciki. Ido ba ya ganinta, wanki ba ya cire ta, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗauka. Mun ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga haƙar zinare ne, abin kuma ya fi naki tsanani nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce. Ba na cewa lallai kwanonki na da ita. Ina cewa ki daina zuba abinci a ciki daga yau, ki mayar da shi kabad ya zama ado. In an daɗe ana ci a ciki, ki gaya wa likita, akwai gwajin jini da ake yi. Ba laifinki ba ne, babu wanda ya gaya miki.

"Murfin tangaran ɗina ya fashe gida biyu. In na manna da gam, darajarsa za ta dawo?"
Wata Hajiya, Sabon Zongo

Ba za ta dawo ba, Hajiya. Masu tara irin waɗannan kaya murfi suke fara dubawa, kuma gyararre kuɗinsa na faɗuwa ƙasa sosai. Ki manna shi don kallonki, ki daina ɗora shi a kan abinci mai zafi, kuma ranar da za ki sayar ki nuna wa mai saye inda aka manna da yatsanki.